Sun zo koyon Ingilishi, an tafi da asirinsu

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ma'aikacin gwamnati a Yamai ya gane cewa harshen da a da yake yi wa kallon kayan ado ya zama guzurin tafiya. Ɗan kasuwa kuwa ya riga shi ganewa da daɗewa. Wanda ke saro kaya a Kano ko Legas, ko Akara, ko Dubai, ko birnin Gwanzu na ƙasar Sin, ya san yawan abin da tafinta ke ci a tsakaninsa da mai kaya, ya kuma san ranar da ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba. Saboda haka bayan tsofaffin wuraren da aka sani, irin su sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni da Cibiyar Al'adun Amurka, ga darussan maraice nan sun bazu cikin unguwanni: wani a ajin lakwal da aka ara bayan yara sun tashi, wani a ɗakin wata ƙungiya, wani a shagon da aka zuba wa benci da allo. Wannan abin a yaba ne. Neman sani bai taɓa zama laifi ba, kuma malaman da ke wannan hidima galibinsu matasa ne masu neman halaliyarsu.

Abin da ba na yabo ba shi ne abin da ke faruwa kafin a buɗe littafi, wato a teburin rajista.

Takardar da ba ta ƙoshi

Mutum ya zo koyon yadda ake gaisuwa da ciniki da rubuta wasiƙa, sai a miƙo masa takarda. Suna da sunan uba, wannan dai ba gardama. Sannan ranar haihuwa da garin haihuwa, unguwa da kwatancen gida, lambar salula, hoto biyu, fotokofin katin ɗan ƙasa ko na fasfo, wurin aiki da muƙami, aure ko rashinsa, yawan ƴaƴa. Wata takardar har ta tambayi dalilin da ya sa yake son harshen, da ƙasar da yake niyyar zuwa. Idan karatun na tallafi ne, aka ce don talakawa aka tanade shi, to sai an ƙara da abin da uba ke samu, da ko yaro maraya ne, da ko akwai naƙasa ko wata cuta a jikinsa. Mutum ya cika duka, domin kunya ba ta barinsa ya tambayi wanda zai zama malaminsa me zai yi da wannan tarin bayani, domin kuma yana tsoron kada a ce wuri ya cika.

Daga nan takardar ta shiga duniya. Tana iya kwana a kan tebur inda kowane mai shigowa zai daga ya leƙa. Tana iya zuwa shagon buga takardu na bakin titi, inda yaron shago zai shigar da sunayen cikin kwamfutar da mutum goma ke taɓawa a yini. Ana iya ɗaukar hotonta da salular malami, salular da gobe za a sayar ko a sace. Lambobin kuwa, tun daren farko an zuba su cikin rukunin WhatsApp ba tare da an tambayi kowa ba, ta yadda matar aure da budurwa da alhaji da jami'in duwan kowa na ganin lambar kowa da hoton kowa. Ranar da makarantar ta mutu, kamar yadda irin waɗannan makarantu kan mutu idan kuɗin haya ya gagara, kwalin takardun ya bi hanyar da tsofaffin takardun ofis ke bi a wannan gari. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ko tsire ko gyaɗa a Katako ko Wadata, ya warware ƙunshin ya ga suna da hatimi da sa hannun wani bawan Allah sun jiƙe da mai, ya san wace hanya ake nufi.

Akwai kuma abin da ya bambanta ajin harshe da sauran azuzuwa, wanda masu makarantun ba su cika tunani a kai ba. A ajin lissafi ba a tambayar mutum labarin gidansa. A ajin harshe kuwa da labarin kansa ake koya masa magana: ya faɗi iyalinsa, ya faɗi sana'arsa, ya bayyana ranar da ya yi rashin lafiya, ya rubuta abin da yake so da abin da yake ƙi a wurin aikinsa, ya tashi ya yi muhawara a kan mulki ko tsadar rayuwa. Duk wannan yana zaune cikin littattafan aikin gida da muryoyin da aka naɗa don gyaran lafazi, da bidiyon da makaranta ke sakawa a Facebook don talla. Abin da ɗan sandan ciki zai yi wata guda yana bibiya bai samu ba, malamin Ingilishi ya same shi cikin mako biyu, da fara'a, har ana biyansa.

Doka tana nan, ba a karanta ta ba ne

Mai makaranta zai ce babu wanda ya hana. Wannan ba gaskiya ba ne. Tun ranar 3 ga Mayu 2017 Nijar ke da doka mai lamba 2017-28 a kan kare bayanan mutane, an yi mata gyara a Disamban 2019, sannan aka maye gurbinta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022. Dokar ta kafa babbar hukumar kare bayanan mutane, wato HAPDP, wadda ta fara aiki a 2020. Tushen waɗannan dokoki shi ne ƙudurin da shugabannin CEDEAO suka sa wa hannu a Abuja a watan Fabrairu na 2010, kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ba ta soke dokar da majalisar ƙasa ta kafa da kanta ba. Haka nan Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka tsara a 2014, ta fara aiki a 2023.

Abin da waɗannan dokoki suka ƙunsa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Kada a karɓi bayanin mutum sai da yardarsa, bayan an gaya masa abin da za a yi da shi. Kada a karɓi fiye da abin da aikin ke bukata. Abin da aka karɓa don wani dalili kada a juya shi ga wani dalilin. Kada a riƙe shi har abada. Wanda ya karɓa shi ke da alhakin tsare shi. Mai bayanin na da ikon ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara, ya kuma ƙi amincewa. Abin da ya shafi ƙabila da addini da ra'ayin siyasa da lafiyar jiki an kewaye shi da shinge na musamman. Fitar da bayanai zuwa wata ƙasa kuma yana da sharuɗɗa. Doka ba ta ce wannan nauyi na bankuna da kamfanonin salula ne kaɗai ba. Duk wanda ya tara sunayen jama'a ya jera su, a kwamfuta ko a rajistar takarda, ya shiga ciki, ko da ɗalibansa ba su wuce talatin ba.

Kuma ko da babu doka, ai akwai abin da ya girmi doka a ƙasar nan. Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Buzu duk sun san amana, sun san rufin asiri, har addu'ar da aka fi yi wa mutum ke nan. Wanda aka ba ajiyar akuya ya bar ta ta shiga gonar wani, kowa ya san hukuncinsa a gaban mai gari. To me ya sa wanda aka ba ajiyar suna da hoto da katin mutum zai ga kamar ba a ba shi komai ba?

Waɗanda ke cewa ba komai

Uzuri na farko shi ne wai talaka ba shi da abin ɓoyewa. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa shiga Babbar Kasuwa ba. Tun Nuwamban 2013, lokacin da aka rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan salular ƙasar nan saboda ba a yi musu rajista ba, katin ɗan ƙasa ya zama mabuɗin layi, layi kuma ya zama mabuɗin kuɗi. Fotokofin katin da ya faɗa hannun macuci na iya zama layin da za a damfari wani da shi, kuma ranar da aka bi sawu, ƙofar mai katin jandarma za su ƙwanƙwasa. Ɗan kasuwar da takardarsa ta nuna inda shagonsa yake, da inda gidansa yake, da cewa duk Litinin da Laraba da Jumma'a daga magariba zuwa bayan isha'i ba ya gida, ya ba ɓarawo taswira da hannunsa. Matar da baƙuwar lamba ta fara kira cikin dare, ita za ta yi wa mijinta bayani, malamin da ya zuba lambarta a rukuni yana can yana barcinsa. Ma'aikacin da ya rubuta cewa yana koyon Ingilishi ne don ya bar ma'aikatarsa ya koma wata ƙungiyar ƙasashen waje, idan maganar ta kai kunnen darakta, kada ya yi mamaki in ya ji an tura shi Bilma ko Ngigmi.

Uzuri na biyu shi ne wai makarantun ƙanana ne, wa zai damu da su. Amsar tana Ingila. Hukumar British Council, wadda aka kafa a 1934, wadda koyar da Ingilishi ne babban aikinta a faɗin duniya, an wayi gari a farkon 2022 masu bincike sun bayyana cewa sun tarar da fayil fiye da 144,000 masu ɗauke da bayanan ɗalibanta a buɗe cikin intanet, babu makulli. Hukumar ta ce wani kamfanin da ke yi mata aiki ne ke riƙe da bayanan. Idan mai lauyoyi da injiniyoyi ya yi irin wannan tuntuɓe, ina ga mai allo da benci shida a Talaje ko Bukoki? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Uzuri na uku shi ne mafi haɗari: wai yau lafiya lau ake, babu mai neman kowa. Takarda ba ta san yau ba, gobe take jira. A watan Agusta na 2021, da ƴan Taliban suka shiga Kabul, wani ɗan jarida ya tarar da takardu warwatse a harabar ofishin jakadancin Ingila, ɗauke da sunaye da adireshin ma'aikata ƴan ƙasar da na masu neman aiki. Malaman da suka koyar da Ingilishi a ƙarƙashin British Council da yawa sun shiga ɓuya. A Satumban wannan shekarar ma'aikatar tsaron Ingila ta aika saƙon imel inda adireshin mutane sama da ɗari biyu da ke neman mafaka suka bayyana ga junansu, kuskuren da ya ja mata tarar fam 350,000 a 2023. A Fabrairun 2022 kuma wani jerin sunaye na kusan mutum 19,000 ya kuɓuce, ba a bari duniya ta sani ba sai a Yulin 2025. Babu ko ɗaya cikin mutanen nan da ya zaci ranar da ya cika takarda cewa wata rana za ta zama igiya a wuyansa.

Yamai ba Kabul ba ce, Allah ya kiyaye. Amma wanda ya kai shekara hamsin a garin nan ba ya bukatar a je da shi Afganistan kafin ya san abin da fayil ke yi wa mutum. Ya ga zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da sunan ofishin leƙen asiri na Kordinasiyo kaɗai ke sa a rage murya a majalisar shayi. Ya ga abin da ya faru a Gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Ya saurari Babban Taron Ƙasa a rediyo, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ya ji yadda aka tone abin da aka daɗe ana rubutawa a kan mutane ba da saninsu ba. Ya kuma ga yadda abokin jiya kan zama abin zargin yau: sojan Faransa sun fita a Disamban 2023, na Amurka sun kammala fita a Satumban 2024. A Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri ga wanda ya yaɗa ta hanyar intanet abin da aka ɗauka zai dagula zaman lafiyar jama'a. A ranar 27 ga Agusta 2024 an kafa rajistar mutanen da ake zargi da hannu a ta'addanci ko cin amanar ƙasa, wadda shiga cikinta ke iya jawo rufe asusun banki, da hana tafiya, har da ƙwace zama ɗan ƙasa, kuma a watan Oktoba na wannan shekarar mutum tara suka fara ɗanɗana wannan hukunci. Koyon Ingilishi ba laifi ba ne a ƙarƙashin kowace ɗaya daga cikin dokokin nan. Sai dai a ƙasar da suna a kan takarda ke da irin wannan nauyi, wanda ya naɗi muhawarar ɗalibansa a kan mulki ya watsa ta don talla, ko ya bar jerin sunayensu yana yawo da tambarin wata ƙasar waje a samansa, ya yi wasa da wuta a kusa da rumbun da ba nasa ba.

Masu tallafi da jerin sunayensu

Ba masu makarantu kaɗai ke da laifi ba. Yawancin tambayoyin da ke cikin takardar rajistar karatun kyauta daga sama suke zuwa. Mai ba da kuɗi yana zaune a wata nahiya, yana son shaida cewa kuɗinsa sun isa, shaidar kuma ita ce suna da lamba da sa hannu da hoton talaka yana murmushi. Tsoron almundahana dalili ne mai ƙarfi, babu mai musun an sha cika takardun halarta da sunayen fatalwa a ƙasar nan. Amma rashin amanar manya ba hujja ba ce ta tsiraita ƙanana. Mai binciken kuɗi na iya zuwa ya ƙirga kawuna, ya duba rajista a inda take, ya koma da adadi: mata kaza, maza kaza, waɗanda suka kammala kaza. Ba ya bukatar ya tafi da labarin cewa wance marainiya ce, ubanta ya mutu ya bar bashi.

Sannan ƙungiyoyi baƙi ne, kuma baƙo raɓa ne. Ƴan sa kai na Peace Corps sun kwashe kayansu a Janairun 2011 bayan sace Faransawa biyu a tsakiyar Yamai. A Nuwamban 2024 an janye wa ƙungiyar ACTED izinin aiki. A Fabrairun 2025 an umarci kwamitin Red Cross na duniya ya rufe ofisoshinsa. A cikin shekarar kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, ayyuka da dama suka tsaya cak. Kowace ƙungiya da dalilin tafiyarta, kuma mai yiwuwa kowace ta san yadda ta yi da takardunta. Tambayar ta fi shafar ƙananan abokan aikin da ake bari a baya, waɗanda aka ɗora wa tattara sunaye: ranar da kuɗi suka yanke, aka rufe ofis, mai gida ya karɓi makullinsa, wa ya gaji kabad ɗin?

Abin da ya kamata

Gyaran ba ya bukatar taron ƙara wa juna sani a babban otel, da kuɗin zama da jakunkuna masu tambari. Mai makaranta ya ɗauki alƙalami ya soke duk tambayar da ba zai iya faɗin amfaninta ga karatu ba. Suna, da lamba ɗaya ta tuntuɓa, da matakin da ɗalibi yake, sun wadatar. Idan ana son tabbatar da suna don takardar shaidar kammalawa, a dubi katin a mayar wa mai shi, ba sai an ajiye fotokofi ba. A rubuta a saman takardar, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wanda zai ga bayanin da ranar da za a lalata shi, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Kada a sa kowa cikin rukunin salula, kada a ɗauki hotonsa ko muryarsa, sai ya yarda, kuma wanda ya ƙi kada a canza masa fuska. Yaron da bai balaga ba, iyayensa za a tambaya. Rajista ta kwana cikin akwati mai kwaɗo, mabuɗin a hannun mutum ɗaya. Littafin aikin gida a mayar wa mai shi. Idan shekara ta zagayo, ashana ɗaya ta isa.

Hukumar HAPDP kuma ta sani cewa dokar da ba ta fita daga jaridar gwamnati ba, ba ta kare kowa ba. Ƙasar da ta ce Hausa ce harshenta ya kamata ta iya bayyana wa ƴaƴanta haƙƙinsu cikin Hausa, a takarda shafi ɗaya da za a manna a ƙofar kowace makaranta, a kuma maimaita a gidajen rediyo. Ta buga samfurin takardar rajista mai sauƙi ta raba kyauta. Ta sauƙaƙa wa ƙananan makarantu hanyar bayyana kansu, kada bin doka ya zama wata sabuwar kafar karɓar na goro. Kuma ta tuna cewa an kafa ta ne don ta tsaya tsakanin ɗan ƙasa da duk mai son leƙa asirinsa, ko da mai leƙen yana sanye da kaki. Ranar da wani jami'i ya shigo makaranta ya ce a ba shi rajista, mai makaranta na da haƙƙin ya nemi ganin takardar alƙali, kuma ya kamata ya san akwai hukumar da za ta tsaya masa.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago ma suna da abin yi. Su ne suka fi kowa tura mambobinsu wannan karatu, su ne kuma ke da bakin da ake ji. Ƙungiyar da ta iya tsayar da kasuwa a kan haraji, ta iya tsayar da aiki a kan bashin albashi, ba za ta gaza gaya wa mai makaranta cewa mambobinta ba za su ajiye katinsu ba.

Shi kuwa ɗalibi, alhaji ne ko hajiya, sakatare ne ko shugaban sashe, kafin ya cika layi na farko ya ɗaga kai ya yi tambaya uku: me za a yi da wannan, wa zai gani, yaushe za a ƙone shi? Makarantar da ta amsa ba tare da ɓata rai ba ta cancanci kuɗinsa. Wadda ta kasa amsawa, ya naɗe takardarsa ya sa aljihu, akwai wata a gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan magana bangon a teburin rajista yake tsagewa.